Shekarar da Malam Ya Goge Tukwanena

Maigidana ya yi ritaya daga aikin gwamnati da lafiyarsa garau, kuma wannan lafiyar ita ce ta zame mini jarrabawa. Mutumin da ya saba fita da safe da jaka a hammata, ya je ya zauna bayan tebur ana gaishe shi da ranka ya daɗe, sai ga shi a tsakar gidanmu na Jega daga hantsi har la'asar, ba shi da wanda zai ba umarni sai ni da kaji. Kajin ba su saurare shi ba. Saura ni.

Ya fara da igiyar shanya, ya ce ban ɗaura ta daidai ba. Ya koma kan turken akuya. Ya zo ya tsaya a kaina ina kaɗa miya, ya ce a ganinsa daddawar ta riga gishiri shiga, kuma ba haka tsari yake ba. Ɗiyarmu da ke aure a Birnin Kebbi ta ji kukana, ta ce bari ta samo masa abin da zai ɗauke masa hankali, ta aiko masa da babbar waya. Allah Ya yi mata albarka, niyyarta mai kyau ce.

Wata rana ina bakin murhu ya ƙwala mini kira kamar gobara ta tashi. Na zo da muciya a hannu. Ya miƙo mini wayar. Wani Bature ne mai gemu, riƙe da tukunyar alminiyam, irin wadda tsofaffinmu ke kira goran-ruwa, duk ta dushe. Ya danna ta jikin wani faifai da ke juyawa a kan tebur, ya juya ta nan, ya juya ta can, kafin ka ce kwabo ga gemunsa yana kallon kansa a jikin tukunya.

Malam ya ce, "Kin gani? Wanga shi ne wanki. Abin da kike yi ke, shafa ce."

Tun ranar da aka kawo ni gidan nake dirzar tukwanen nan da toka da yashi da soson ƙarfe, har zanen yatsuna ya kusa gogewa. Shi kuwa bai taɓa ɗaga murfin tukunya ba sai don ya ga ko akwai nama. Na ce masa, "To, Malam, Allah Ya ba mu Baturen." Na koma kan tuwona.

Ashe Baturen yana gidana. Washegari Malam ya kai maganar majalisarsu, wadda ke zama gindin dogon yaro a ƙofar gidanmu. Bangon zaure ne kawai tsakanina da su, don haka duk abin da aka tattauna na ji shi kyauta. A nan na fahimci cewa injin iri biyu ne. Akwai na wasa, wanda masu walda ke kira giranda: gajere, mai dutse a kowane gefe, mai gudu kamar zai tashi sama. Akwai kuma na goge, mai dogayen hannuwa, wanda ake ɗaura wa faifan tsumma a shafa masa wani abu kamar sandar sabulu. Majalisa ta rabu biyu nan take, 'yan dutse da 'yan tsumma, kuma na rantse ko lokacin zaɓe ban ji an ɗaga murya haka ba.

Jagoran 'yan tsumma maƙwabcinmu ne, malamin kimiyya a makarantar sakandare, Kirista daga wajen Zuru, wanda duk unguwa ke kira Tica. Mutum ne mai sanyin murya da son bayani. Ya ce alminiyam ƙarfe ne mai taushi, dutse zai cinye shi, kuma shi ma zai toshe dutsen. Ya ce a nemi mai dogon hannu don kada gindin tukunya ya riƙa bugun jikin inji, kuma mai juyawa a hankali ya fi mai gudu. Ya faɗi wannan da kyau ƙwarai, har da zane a ƙasa. Da wani ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe irin injin, sai ya ce a'a, amma ya koyar da shi.

Jagoran 'yan dutse kuwa ƙanena ne, manomin albasa a Aliero, wanda ke biyowa ta gidanmu duk ranar kasuwa. Tsakaninsa da Malam akwai wasan ƙanen mata, kuma yana amfani da wannan dama har ya wuce gona da iri.

Ya ce, "Babban yaya, tsumma hwa? Namiji kamarka shi sayi injin tsumma? In tsumma kake so, ga yayata nan ciki, tana da buhu guda. Sayi mai ƙarhi, wanda in ka kunna shi za a ji har Dangamaji."

Sauran 'yan majalisa kowa ya bi ɓangaren da ya ga ya fi hayaniya a ranar. Akwai wani tsohon direba da ya kwana biyu yana 'yan dutse, ya wayi gari ɗan tsumma, ya sake komawa, duk bai san abin da za a goge ba. Ya ɗauka mota ce. A cikin mazan nan duka babu wanda ya san inda ake ajiye soso a gidansa, amma suka shafe damina guda suna yanke hukunci a kan ƙyallin tukunya.

Malam ya ce shi ba ya sayen abu da ka. Sai ya je ya gani da ido. Aka ba shi labarin wani mai walda a Maiyama da ke da injin goge na gaske, mai dogon hannu. Ya sa babbar riga, ya ɗauki Tica a bayan babur, suka tafi. Sun dawo bayan la'asar, Malam yana ta gyaɗa kai kamar wanda ya dawo daga ɗaukar karatu.

Na ce, "Yaya aikin injin?"

Ya ce, "Inji ne mai natsuwa."

Matar Tica ce ta ba ni sauran labarin ta kan katanga. Babu wuta a Maiyama ranar, janaretan mai waldar kuma yana wurin gyara. Sun zauna a kan benci suna kallon inji a kashe, mai waldar yana juya musu faifan da yatsa, yana yin ƙarar da bakinsa. Natsuwar ke nan.

Mako na gaba ƙanena ya ja shi Aliero, wurin wani mai wasa fartanya da lauje. Can akwai wuta. Aka danna fartanya jikin dutse, tartsatsi ya tashi ja wur har ya kusa kama gefen rigar Malam. Ya dawo gida idanunsa na ƙyalli. Na san daga ranar Tica ya faɗi zaɓe. Wane bayani ne zai yi gasa da tartsatsi?

Amma Malam ba ya son a ce ya bi ƙanen matarsa, kuma ba ya son ɓata wa maƙwabci. Wani mai shagon kayan wuta a kasuwar Jega ya karanci wannan a fuskarsa tun kafin ya gama sallama. Ya fito masa da giranda, ja, mai nauyi, ya kwance dutsen gefe ɗaya ya ɗaura faifan tsumma a wurin, ya ce wannan shi ake kira biyu-cikin-ɗaya, kuma manyan mutane kaɗai ke tambayarsa. Ya haɗa masa da sandar sabulun gogewa da samfefa. Malam ya shigo gida bayan ɗan dako yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. A majalisa kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara.

Aka zo wurin girkawa. Teburin da nake yanka kayan miya a kai ya dace, in ji shi, don haka na koma yanka albasa a kan faifai a cinya. Daga nan wuta ta ɗauke, ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. Inji na zaune a rumfa an lulluɓe shi da zanena, Malam yana zuwa yana ɗaga zanen yana dubawa kamar mai jinya. Da haƙurinsa ya ƙare ya aika Aliero, ƙanena ya kawo janaretan ban-ruwan gonarsa da kansa, don ya ce ko gonarsa za ta bushe ba za a yi wannan buki ba shi ba.

Ranar gwaji na shige ɗaki aka shigo da 'yan majalisa tsakar gida, ina leƙe ta labule. Malam ya sa tabarau na karatu, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla ya kunna. Babu wanda ya tuna a ɗaure injin jikin tebur. Ya yi wata ƙara, ya fara rawa, ya kama hanya zuwa bakin tebur yana nufar tsohon direba. Dattawan nan da ke tashi daga tabarma da ƙyar suna kiran gwiwa, sai ga su sun haye turmi da bakin rijiya. Tica ne ya zare waya daga janareta.

Aka samo noti aka ɗaure shi. Aka sake kunnawa. Ƙanena ya ce a fara da dutse don a ci dattin, kuma abin da hannun Malam ya kai gare shi ita ce ƙaramar tukunyar da nake dafa masa ruwan shayi. Ya danna. Babu tartsatsi ko ɗaya, abin da ya ba majalisa kunya ƙwarai. Sai wani kuka mai sa haƙori tsami, dutsen ya yi fari fat da alminiyam, tukunyar ta yi zane-zane kamar fuskar da aka yi wa tsaga. Malam ya ɗauka ƙarfi ne bai isa ba, ya ƙara dannawa. Da ya ɗaga ta sama don ya duba, rana ta leƙo ta gindinta.

Ya ce, "Da ma ta tsufa."

Tica ya gyara tsayuwa, ya harɗe hannuwa a baya, yana kallon sama da fuskar mutumin da Allah Ya amsa wa addu'a.

Aka koma gefen tsumma, nan kuma lokacin Tica ya zo. Ya ce a shafa sabulu a faifan, a fara da ƙaramin abu. Aka ba Malam ludayina. Ya kai shi jikin tsumma ta gefen baki, tsumman ya fizge shi daga hannunsa, ludayi ya tashi sama yana walƙiya, ya tsallake katanga, muka ji ƙararsa a kan kwanon gidan Tica, sannan muka ji muryar matarsa tana kiran sunan Allah da harshensu. Tica ya ce, to, wannan gudun inji ne ya yi yawa, da ma ya faɗa. Ƙanena yana durƙushe yana riƙe da ciki.

Ni na ɗauka a nan za a tsaya. Ban san mijina ba. Majalisa ta watse, amma shi ya zauna da injin nan kwana da kwanaki, duk lokacin da wuta ta zo. Ya koyi fara bin abu da samfefa. Ya koyi riƙe shi ƙasa-ƙasa a jikin faifai yadda ba zai fizge ba. Gajerun hannuwan injin suna sa gindin tukunya bugun jikinsa, sai ya riƙa karkacewa yana murɗa ƙugu kamar mai koyon rawa. Abin da Baturen waya bai nuna ba shi ne baƙin da ke tashi. Wani baƙin gari mai maiƙo, haɗe da zaren tsumma, ya bi bango, ya bi shanya, ya sauka a kan garin tuwo. Farar kazata ta koma toka-toka. Malam kansa in ya cire tabarau sai ka ga fararen da'ira biyu a baƙar fuska. Ya je masallaci haka wata azahar, liman ya tambaye shi ko gobara aka yi.

Sai wata safiya ya kira ni, a hankali wannan karon. Butar shayi ce a hannunsa, tsohuwar da muka gada daga mahaifiyarsa. Na karɓa na ga fuskata a ciki, da ɗankwalina, da rumfa, da dogon yaro ta saman katanga, duk sun lanƙwashe sun shige cikin buta. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin abu mai kyau haka a gidana ba. Na ce masa, "Malam, wannan kam ta yi." Ya juya baya yana gyara tabarau, don kada in ga yadda ya ji daɗi.

Wannan yabon shi ya ja mini. Ya bi tukwanena ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, da murafensu, da farantai, da madambaci. Duk wadda ya gama sai ya kai ta ɗakinsa ya jera a kan kabad. Da na je ɗaukar ta miya ya tare ƙofa.

"Ina za ki da ita?"

"Murhu."

"Wagga? Bisa itace? Ke kin san wahalar da ta sha?"

Na ce, "Malam, tukunya ce."

Ya ce, "Dā."

Haka na koma girki da tukunyar ƙasa guda ɗaya da wata tsohuwar da ya raina, ina dafa tuwo in kwashe in wanke in ɗora miya, alhali ɗakin mijina na walƙiya kamar shagon madubi. Abinci ya riƙa makara. Ya yi ƙorafi a kan haka ma, ya ce tsari ne babu.

Ranar da dangin mijin ɗiyarmu suka aiko cewa za su biyo daga Dangamaji su gaishe mu, mota guda, ban yi shawara da kowa ba. Na bari ya fita tarbarsu, na shiga ɗakin na sauko da babbar tukunya, wadda ya fi ji da ita, na ɗora ta a kan duwatsun murhu na hura wuta da ɗanyen itace. Ya shigo ɗaukar tabarma ya same ta. Ya tsaya. Hayaƙi yana hawa jikinta a hankali, baƙi yana cin ƙyallin daga ƙasa zuwa sama, shi kuma yana kallo kamar wanda ake binne wa ɗan'uwa. Baƙi na zaure suna jin motsinmu, sai ya ɗauki tabarmar ya fita. Shinkafa da miyar zabi na yi ranar. Ya ci, ya nemi ƙari, bai yi mini magana ba har washegari da azahar.

A cikin baƙin akwai mata, kuma na nuna musu butar. Ba zan ɓoye ba, har da ɗan taƙama na nuna ta. Daga nan labari ya bazu. Mai aurar da ɗiya ta aiko da tukwanen jere a goge mata. Wata ta aiko da farantan suna. Malam ya karɓa da murna, bai karɓi ko sisi ba, ya ce shi ba don kuɗi yake yi ba, fasaha ce. A majalisa ya sa aka fara kiransa Injiniya, wasa-wasa har sunan ya kama. Ya ɗinka rigar aiki mai aljihu a ƙirji. Tsakar gidana ta cika da tukwanen matan Jega, na wasu ma da ƙanzon tuwo a ciki, don sun ga an sami wanda zai yi.

Abin ya zo ƙarshe ranar wata kasuwa, majalisa a cike, ƙanena yana nan. Wata tsohuwar dillaliya, wadda ba ta jin kunyar kowa kuma kunnenta ya yi nauyi, ta zo da tukwane a ka ta tsaya a gabansu. Ta yi sallama da ƙarfi, ta ce, "Bayin Allah, wane ne cikinku mai wankin tukwane?"

Ina bayan bango na bar tsintar shinkafa.

Tsohon direba ya ce, "Inna, Injiniya kike nuhi."

Ta ce, "Ni ban san Injiniya ba. An ce mini nan akwai wani dattijo da ba shi da aikin yi, shina wanke ma mata tukwane kyauta."

Ƙanena ya miƙe, ya cire hula, ya durƙusa gaban Malam ya ɗaga hannu sama. "Ranka shi daɗe, Sarkin Wanke-wanke!"

Dariyar da aka yi har Tica, mai sanyin hali, sai da ya share hawaye. Malam ya shigo gida bai dubi inda nake ba, ya cire rigar aiki ya rataye, ya ce mini in mayar wa kowa kayanta, an goge da ba a goge ba. Ya ce ƙurar tana taɓa masa ƙirji, kuma likita zai hana shi in ya ji. Aikin bai canza ba, hannun bai canza ba, tukwanen su ne dai na jiya. Suna kawai aka canza masa, aka kira shi da sunan abin da nake yi kullum, sai ya zama abin da namiji ba zai iya ɗauka ba. Tukwanena suka dawo madafa da kansu, ba tare da an yi taro ba. Teburin dai bai dawo ba, don ramukan noti sun ɓata shi.

Mutum ɗaya ce labarin murabus bai kai wa ba, ko ya kai ta ƙi ji. Gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, tana zaune a Sarandosa, ita ta yi masa goyo, kuma har yau in ta yi gyaran murya sai ya gyara zama. Ta iso wata safiya a bayan babur ɗin haya, da buhu cike da tukwane, za ta aurar da jika. Malam ya hango ta daga zaure ya faɗa ɗaki, ya ce in ce ba ya nan.

Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa da fura. Na ce, "Gwaggo, ai kin yi saɓani, ya fita."

Ta dubi takalmansa a ƙofar ɗaki. Ta dubi babur ɗinsa a rumfa. Daga ciki aka yi wani ɗan tari da aka yi ƙoƙarin dannewa.

Ta ɗaga murya ta ce, "To, in ya dawo daga ƙarƙashin gado, ki ce mai ina son su ranar Laraba. Kuma murahun ma shi goge su, kada shi yi mini aikin ganin ido."

Ta shanye furarta ta tafi. Ya fito yana cewa bai ji sallamarta ba, barci ya ɗauke shi. Da yamma ya sa aka ciccibi injin aka kai bayan gida, kusa da turken akuya, inda ba a hangowa daga zaure. Can ya goge su tas, har murafen, ya kai mata Sarandosa da kansa a cikin buhu da ya ɗaure baki sosai. Da 'yan majalisa suka tambaye shi abin da ke cikin buhun, ya ce musu albasa ce.